Rago a Kujerar Gaba

Motar kam ban yi nadamar sayenta ba, magana ɗaya da na faɗa a cikinta ce nake so a ce ban faɗa ba. Ja ce, mai kujera biyu. Na zaɓe ta don kada kowa ya ce in rage masa hanya, kuma duk Tasawa babu mai shan gabana.

Ana jibi Layya na sayi rago a kasuwar Kanan-Bakashe. Bayan motar ko buhu ba ya ɗauka, sai na zaunar da ragon kusa da ni. Mutane suna tafi, ina ɗaga hannu kamar gwamna.

A bakin tasha na iske surukina cikin rana yana jiran motar haya. Maimakon in fito in durƙusa, sai na leƙo na ce, "Baba, wuri ya cika."

Ya dubi ragon ya ce, "Ku je, kada babban baƙonka ya gaji."

Sai da na kai masa ragon har gida ya sake amsa gaisuwata. Yanzu kujerar tasa ce, har cewa yake in ƙara wuta. Amma kafin ya zauna sai ya tambaya, "Mai wurin ba ya nan?"

Don Allah, kada wani ya fifita rago kan surukinsa.