Wankan da Na Yi wa Harsasan Marigayi

Maigidana, Allah ya jiƙansa, da kansa yake narka dalma ya zuba harsasan tsohuwar bindigarsa. Har yau in na ga gwangwaninsu sai na yi hawaye.

Da aladen daji ya addabi rogona a Panda, na kira Audu, ƙanin marigayi, ya zo ya harbe shi. Na ce, "Shekara arba'in ina auren maharbi, ni zan zaɓo maka harsashi." Na ga duk sun yi maiƙo, na dirje su da sabulu. Ashe kitse da kakin zuma marigayi ke shafa musu don harbi ya tafi daidai.

Harbi uku Audu ya yi, duk bishiyar ɗorawa ta sha. Alade ya dawo ya ƙarasa rogon.

Yanzu ko a gidan biki sai Audu ya durƙusa: "Ranki ya daɗe Sarkin Baka, yaushe za a yi wa bindigar wanka?"