Toshin Alhaji Mamuda

Duk wanda ya san Barira matar Sa'adu mai walda a Azare ya san ba ta ɗaukar raini. Mahauci bai isa ya cusa mata ƙashi a cikin nama ba, mai ruwa bai isa ya kawo mata jarka a rage ba. Amma akwai mutum ɗaya a duniyar nan da in ta ji gyaran muryarsa daga zaure sai ta gyara ɗankwali ta durƙusa, muryarta ta koma ciki. Wannan mutum shi ne surukinta Alhaji Mamuda, mahaifin Sa'adu. Ba mugu ba ne, wallahi ko kaɗan. Tsoho ne mai fara'a, mai son raha. Kunya ce kawai irin wadda aka raine ta da ita. Tun da aka kawo ta gidan, maganarta da shi ba ta wuce "Ina kwana, Baba" da "Ga abinci, Baba" da "To, Baba" ba.

To, shi Alhaji yana da amarya. Ku kwantar da hankalinku, jikarsa ce, Iklima 'yar Barira mai shekara shida. Wasan kaka da jika ne da kowa ya sani, ita ta ce masa mijina, shi ya ce mata amarya. Sai dai tun da Allah ya yi wa Hajiyarsa rasuwa, yarinyar nan ta zama abokiyar hirarsa, shi kuwa ya ɗauki wasan da gaske. Tunda amarya ce, ai dole a yi toshi. Bai taɓa dawowa daga masallaci hannu wofi ba. Yau gullisuwa, gobe tuwon madara, in ya bi ta bakin kasuwa kuma ga alewa mai tsinke ga mazarƙwaila. Aljihun babbar rigarsa har danƙo yake yi, ranar wanki Barira sai ta kakkaɓe tururuwa kafin ta jiƙa.

Ita dai Barira tana iyakar ƙoƙarinta. Da safe ta kama Iklima ta goge mata baki da burushi, da magariba bayan tuwo ta sake. Amma da ta gama sai a ji murya daga ɗakin Alhaji: "Ina amaryata? Ko yau an yi yaji ne?" Iklima ta sheƙa da gudu, ta dawo kumatu a cike, ta kwanta barci da zaƙi a baki. Aikin banza ke nan.

Da Barira ta fara ganin baƙin ɗigo a mataunin Iklima, sai ta sami mijinta.

"Baban Iklima, don Allah ka yi wa Baba magana. Haƙoran yarinyar nan lalacewa suke yi ina kallo."

Sa'adu ya bugi ƙirji ya ce ta bar masa. Ya shiga ɗakin mahaifinsa, ya zauna a ƙasa, ya gaishe shi. Suka yi maganar damina, suka yi maganar tsadar ƙarfe, suka yi maganar wani maƙwabci da ya tafi Umara. Can sai ga shi ya fito yana tauna.

"Ka faɗa masa?"

"Yau dai ban ga fuska ba."

"Mene ne a bakinka?"

"Gullisuwa ce. Ya ba ni, kin san ba zan ce a'a ba."

Haba! Barira ta ji kamar ta kwaɗa masa muciya. Sai ta sake dabara, ta koya wa Iklima cewa in Baba ya miƙo ta ce ta ƙoshi. Yarinya kuwa ta yi yadda aka ce. Ta tsaya a gaban kakanta ta ce, "Mama ta ce in ce maka na ƙoshi," sannan ta miƙa hannu biyu. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ƙara mata da na gobe.

Ana haka baƙin ɗigo ya zama kogo. Iklima ta daina tauna ta ɓangare ɗaya, ruwan randa in ya taɓa wurin sai ta yi tsalle ta ƙwala ihu. Wata safiya aka tashi kumatunta ya kumbura, ta ƙi kunu, ta ƙi makaranta, sai kuka take yi tana riƙe da haɓa. Ran Barira ya ɓaci ƙwarai, tausayin 'yarta ya kama ta har ita ma ta yi ƙwalla. Shi ma Alhaji hankalinsa ya tashi, don son yarinyar yake yi tsakani da Allah. Ya leƙa bakinta, ya girgiza kai.

"Tsutsa ce," in ji shi. "Tsutsar haƙori. Mu da muna yara turare ake yi mana ta fito. A samo kanumfari a cusa."

"To, Baba," in ji Barira.

Ta cusa kanumfari, ciwo ya lafa na ɗan lokaci ya dawo da ƙarfinsa. Nan ta ce wa Sa'adu ita kam asibiti za ta, ko da wa ko ba da wa. Sa'adu yana da ƙofar mutane da ya yi alkawarin gamawa, don haka ba zai iya raka ta ba. Tana cikin saka hijabi sai ga Alhaji ya fito cikin babbar riga da hula da sandarsa.

"Yaya za a kai amaryata asibiti ango yana zaune a gida? Mu je."

Barira ta ce a ranta, yau ake yin ta. A fili kuwa ta ce, "To, Baba."

Likitar haƙorin wata doguwar mata ce mai tabarau, irin waɗanda ba sa tauna magana. Ta ɗora Iklima a kan kujera, ta lallashe ta ta buɗe baki, ta haska fitila. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Sannan ta sauke tabarau ta kalli Barira.

"Ke ce mahaifiyarta?"

"Ni ce."

"Baiwar Allah, me kike ba yarinyar nan? Sukari kike dafa mata a madadin tuwo?"

Barira ta sunkuyar da kai.

"Kina goge mata baki kuwa?"

"Safe da dare, likita."

"Bayan gogewar dare tana sake cin wani abu?"

Alhaji da ke zaune a kujerar gefe ya gyara zama ya ce, "Likita, kada ki wahalar da kanki. Tsutsa ce. Ki ciro ta kawai mu tafi."

Likita ta juyo da ladabi ta ce, "Baba, babu wata tsutsa. Zaƙi ne yake maƙalewa a haƙori, ƙwayoyin cuta na baki su ci, su fitar da abu mai tsami da yake cinye haƙorin a hankali har ya yi rami. Mafi muni shi ne a riƙa ba yaro zaƙi kaɗan-kaɗan wuni guda, ko ya kwanta da shi a baki."

"To ai da sauƙi," in ji Alhaji. "Haƙoran yarinta ne. Famfara za ta yi, duk su zube, sababbi su fito."

"Waɗannan na gaba za su zube, Baba. Amma zo ka gani." Ta nuna masa can ƙuryar baki. "Wannan babban da ya fito a baya ba na famfara ba ne. Shi ke nan nata har tsufa, ba a sake ba ta wani. Shi ma ya fara taɓuwa. Wanda ya kumbura zan ba ta magani, in ya sace a cire shi. Wannan na bayan zan iya cike shi in ceto shi, amma in aka koma gida aka ci gaba da abin da ake yi, kafin ta gama firamare ya tafi."

Barira ta kalli 'yarta a kan kujera, baki a buɗe, hawaye ya bushe a kumatu. Alhaji kuwa ya koma ya zauna, ya jawo hannun rigarsa ya rufe aljihu.

Likita ta dawo kan Barira, kuma wannan karon ba ta rage mata komai ba.

"Ku iyaye mata kuna ba ni mamaki. Yaro ya yi kuka, a toshe masa baki da alewa don a huta. Ga shi yanzu wa yake shan wahalar? Ke ce kika kwana da ciwon ko ita? Da ganinki mai hankali ce, amma kin bari bakin 'yarki ya zama haka."

Wallahi maganar ta soki Barira. Ita da take bin yarinya da burushi har bayan ɗaki, yau ita ce sakarya a gaban mutane. Ta saci kallon Alhaji ko zai ce wani abu ya fitar da ita. Ina! Tsohon nan sai ya shiga gyaɗa kai yana jan carbi.

"Faɗa musu dai, likita," in ji shi. "'Ya'yan zamani sai haƙuri."

Barira ta ɗago kai ba shiri, ta sake sunkuyarwa. Da ƙyar ta ce, "Likita, ni ba na ba ta."

"To wa yake ba ta?"

Barira ta shiga murza bakin hijabinta.

"Tambayarki nake yi. Ni ba zan cike haƙori yau a kawo mini shi a ruɓe bayan Sallah ba. In ba ke ba ce, akwai mai yi. Mahaifinta ne?"

"A'a."

"Maƙwabta? 'Yan makaranta?"

"A'a."

Likita ta juya ga Iklima don ta tambaye ta, amma ta riga ta cusa mata auduga a baki, yarinya sai "umm, umm" take yi tana zare ido. Alhaji ya ga hanya ta nan a toshe take, ya kuma san Barira ko za a yanka ta ba za ta nuna shi da yatsa ba. Sai ƙarfin hali ya zo masa. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Barira, ki yi magana mana! Likita tana tambayarki kin yi shiru. Wane marar tausayi ne yake lalata mini bakin amarya?"

"Baba..."

"Kada ki rufa wa kowa asiri. Ko wane ne, yau zai gamu da ni. Har gidansa zan taka da ƙafata."

Likita ta ji daɗi ta sami mai goya mata baya. Ta ce, "Kin ji ko? Ga babba ya tsaya miki, me kuma kike tsoro? Ni ba faɗa zan yi da shi ba, bayani zan yi masa don a ceci haƙorin nan. Faɗa mini sunansa."

"Faɗi sunansa!" in ji Alhaji, har da ɗaga murya.

Barira ta kalli Iklima, ta kalli likita. Sannan ta gyara hijabinta, ta zame daga kan kujera ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta yi magana da muryar nan tata mai ladabi.

"Likita, ki gafarce ni. Iyayena sun ba ni tarbiyya. Tun da aka kawo ni gidan miji ban taɓa kama sunan surukina ba, ba kuwa yau zan fara a gabansa ba."