Kifin Gwangwanin Garata

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyata ta biyu ba, ko da kuwa na so in manta. Ni fa malama ce, girki da tsaftar abinci nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gusau. Kullum sai na ja kunnen ɗalibaina: a duba kwanan watan da ke gindin gwangwani, in ya wuce a haƙura, in kuwa ya kumbura ko ya yi tsatsa, kada ma a ɗanɗana. (Har a jarrabawa ina sa shi, kuma ba na rangwamen maki.)

To amma a cikin kabad ɗina, bayan tangaran, akwai wani kifin gwangwani da ya shekara bakwai. Cikin garata ya zo, wato kayan abincin da iyayen amarya kan kai mata gidan miji. Inna, mahaifiyata, ita ce ta zo daga Rawayya ta saya da kanta, domin a ganinta kifin gwangwani shi ne ƙarshen gata. Muka cinye sauran, na ajiye ɗaya. Bayan wata huɗu Allah Ya yi mata rasuwa, daga nan na kasa buɗe shi. In kewarta ta taso min sai in ɗauko shi in riƙe, in tuna yadda ta jera su cikin kwalla tana dariya. Na ga yana kumbura saboda zafin ɗaki, na kau da kai.

Ranar sunan ɗaki ya cika da mata, har da malaman makarantarmu. Yayar mijina, Yaya Hajara, da ta zo daga Tsafe, ita ke dafa wa baƙi taliya. Ta shigo neman faranti, hannunta ya kai kan gwangwanin.

"Ke kam kina da rowa," in ji ta. "Ga kihi kin ɓoye, mu muna ta hwama da manja?"

Kafin in miƙe daga gado ta soka masa wuƙa. Ya yi tsartuwa har kan leshin shugabar makarantarmu, wani wari ya turnuƙe ɗakin, mata suka yi waje suna toshe hanci da mayafi. Madam Esta, abokiyar aikina, ta ɗauke shi da yatsa biyu, ta juya gindinsa, ta karanta shekarar da ƙarfi. (Har yau ban yafe mata ba.) Shugaba ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama, ke da kike koyarwa?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce, "Inna ce ta sa min a gara." Sai kuka ya ƙwace min, ba don kunyar ba, don na ga an buɗe shi.

Yaya Hajara ta karɓi gwangwanin daga hannun Madam Esta. Ta fita da shi, ta zubar, ta wanke da toka, ta dawo ta ajiye min shi a cinya, wayam.

Na dai koyi darasi, duk da ya zo a makare: abincin da uwa ta ba ka, ka ci tun tana raye, ka samu bakin gaya mata ya yi daɗi.