Haƙoran Kaka a Cikin Kofi

Likita ya ja fatar idon Kaka, na ga cikin fatar fari fat. Ya ce ba za a yi mata aiki ba sai an ƙara mata jini. Na kira kawunnaina uku, 'ya'yan cikinta. Ɗaya yana taro, ɗaya ya ce shi ma nasa bai ishe shi ba, na ukun bai ɗaga ba. Ni na miƙa hannu, ni da ko yankan kaza ba na iya kallo.

Washegari da safe na shiga ɗakin da aka kwantar da ita, har lokacin ina ganin jiri. Ledar jinin tana rataye a kanta, ta kusa ƙarewa.

"Sannu da jiki, tsohuwa."

"Jiki da sauƙi, tunda na sha jinin mijina. Tsararo ne, ko gishiri babu."

Na ce shekara huɗu na yi a jami'a, na rubuta kundi guda a kan masu shan jini na littattafan ban tsoro, ashe da shugabarsu nake zaune gida ɗaya. Ta ce shi ya sa har yau ba wanda ya ɗauke ni aiki, wa zai ba mai digirin dodanni kujera? Sai ta ce in kwatanta mata su, ta ji ko danginta ne. Na ce ba su da tausayi ko ƙanƙani, ba su san uwa ba balle ɗan'uwa, in sun tsotse mutum sai su yar da shi, ko waiwaye babu.

Ta daɗe tana kallon ƙofa.

"Ashe uku na haifa."

Na juya kai ina share ido. Ita ta cece ni, ta ce kada ragon miji ya jiƙa mata zanin gado da hawaye.

Nas ta shigo da gadon turawa, ta ce a cire 'yan kunne da duk abin da ba na jiki ba. Kaka ta sa yatsu biyu ta zaro haƙoranta na roba, ta jefa a kofi ta miƙo mini. Bakinta ya lotsa, tana dariya da dasashi.

"Ungo, ka ci nasara. Mai shan jini ba haƙori ai ta gama yawo. Amma aro ne, ina da sauran mutum uku da zan ciza."

Ƙarfe goma aka shiga da ita ɗakin tiyata. Yanzu biyu saura. Ina kan benci da kofin a hannuna, ba wanda ya fito ya ce mini komai tukuna.