Ranar da Na Tarbi 'Yar Holan da Yarensu

Mako uku na yi ina haddace kalmar yaren Holan guda ɗaya a waya: "werken", wato yin aiki. Har asalinta na sani. Don haka da manajan otal ɗin da nake gadi ya tambayi wanda zai tarbi wata injiniya 'yar Holan da yarensu, na ɗaga hannu har da gyara kwala.

Sani, abokin aikina da muke ɗaki ɗaya a unguwar Mansura, nan ƙasar Larabawa, ya raɗa mini, "Malam, rufa wa kanka asiri."

Na ce, "Khalas, magana ta ƙare, bar ni da ita."

Tana saukowa daga mota ta saki yare kamar an buɗe famfo. Na ƙame, na karanto mata iyakar ilimina da yarensu: ina aiki, kana aiki, muna aiki. Manaja ya dafe kai.

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ni take so in riƙa yi mata rakiya. Kullum sai ta koya mini sabuwar kalma.

Amma ko jiya da na shiga ɗaki, Sani da sauran 'yan ɗakinmu suka miƙe suka sara mini: "Muna aiki, Ambasada!"