Kifin da Na Raɗa wa Sunan Babana

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Shekara uku ke nan, amma har yau in mota ta hau gadar Wudil na hango ruwa, sai in kau da kai kamar na ga surukata.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin kifi. Bincikena a kan wasu 'yan ƙananan kifaye ne na kogin Wudil, waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba, masu siraran gashin baki. Masunta ba sa ɓata lokacin bambanta su. In sun faɗo cikin taru sai a haɗa su da sauran tarkace a shanya. Mu kuwa a makaranta su ne rayuwarmu. Da can littattafai sun tara su duka ƙarƙashin suna guda, Barbus, daga baya masana suka sake lale, suka kwashe ƙananan na Afirka suka mai da su Enteromius. Aikina shi ne in gano waɗanne iri ne a ruwanmu. Za ka kwantar da kifi, ka ƙirga ɓawon da ya jeru a gefensa, ka ƙirga ƙayoyin fiffikensa, ka duba gashin bakin biyu ne ko huɗu, sannan ka buɗe littafi ka bi layi-layi har ka isa ga sunansa. (In ka tsallake ɓawo biyu, ka ba kifi sunan maƙwabcinsa ke nan.) Wata bakwai na yi a haka, na samu iri biyar, kuma dukansu an san su tun kafin a haifi kakana. Ba wani abin faɗa.

Ni kuwa ina son abin faɗa. Nan cutar take.

A gidan yayata nake zaune, Yaya Binta, ma'aikaciyar jinya ce, suna Sabon Garin Wudil ita da mijinta. In na dawo daga bakin kogi da yamma, sai in zuba abin da muka kamo a kula da ƙanƙara, in ajiye a barandarta, da safe in ɗauka in tafi ɗakin gwaje-gwaje. Wata safiya a ƙarshen damina na juye kular a faranti, sai na gan shi kwance a tsakiyar sauran. Namu sirara ne, farare kamar azurfa, da ɗige-ɗige ko layi ɗaya a kwance. Shi wannan jikinsa da faɗi, ruwan zinare, da ratsi baƙaƙe guda huɗu daga sama zuwa ƙasa, bakin fiffikensa ja. Siffar dai ta dangin ce, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Na buɗe littafin kifayen Afirka ta Yamma na bi shi sau uku. Babu shi. 

Mai hankali a nan sai ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar malaminsa. Ofishin Dakta Lawan, mai duba aikina, ƙofa biyu ce tsakaninsa da inda nake zaune. Mutumin nan da littattafansa na kansa nake aiki, har ya taɓa raɗa mini cewa sashen zai ɗauki ƙaramin malami, kuma ni yake hange. Amma zuciyata ta ce mini in na nuna masa, sunansa ne zai hau gaba, nawa ya bi baya. Haka kuma na ɗauki hotonsa a waya, amma na ƙi saka shi a intanet in bincika, wai kada wani Bature ya gani ya riga ni. (Ni a tunanina Turawa sun bar duk ayyukansu suna jiran abin da zai fito daga wayata.) Na jefa kifin a kwalba da ruwan magani, na cusa kwalbar cikin safa, na tura ta ƙasan jaka.

Mako uku ina komawa kogi neman na biyu, ban samu ba. Na nuna wa masunta hoton, duk suka ce ba su san shi ba. Wani dattijo a cikinsu ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce shi dai tun yana yaro yake cikin ruwan nan, kuma wannan ba ɗan ruwan nan ba ne. Da wani ne da ya tsaya ya yi tunani. Ni murna na yi, na ce to ga shaida, kifin ya yi ƙaranci har masunta ba su taɓa cin karo da shi ba.

A ƙa'idar masana, wanda ya gano sabon iri shi ke raɗa masa suna, kuma yana iya sa sunan wanda yake so. Ni ban yi dogon tunani ba. Babana, Malam Haladu, manomi ne a Darki, bai taɓa zama a ajin boko ba, amma shi ya riƙa goya ni a keke zuwa firamare duk lokacin da ruwa ya ɓata hanya. Na rubuta a bayan littafina: Enteromius haladui. Ran Juma'a na tafi gida, bayan an sauko daga masallaci na same shi a zaure na zayyana masa komai. Ya tambaye ni ko sunan zai tsaya bayan ba ransa. Na ce masa har tashin duniya, kuma a littattafan ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Kafin magariba 'yan majalisarsu sun ji, kafin sati ya zagayo duk unguwar ta san an sa wa wani kifi sunan Malam Haladu. Ni da bakina na ce masa ya zo ranar da zan gabatar da aikina.

Ya kuwa zo, cikin farar babbar rigar da ba ya taɓa ta sai da Sallah. Yaya Binta ta ɗauki hutun aiki ta rako shi, suka zauna a layin baya. Ɗakin ya cika da malamai da ɗalibai, ga kuma baƙuwa da aka gayyato daga wata jami'a don ta auna aikinmu, wata farfesa dattijuwa mai farin gilashi, wadda ba ta cika magana ba.

Na yi bayanin kifayena biyar lafiya lau. Da na tsaya nan da yanzu wani labarin ake. Sai na gyara tsayuwa na ce akwai wani abu da ban sa a rubutun da na miƙa ba. Na danna kwamfuta, hoton ya fito a bango, sunan a ƙarƙashinsa da manyan haruffa. Na hango Dakta Lawan ya ajiye bironsa. Ban tsaya ba. Na ce wannan kifi kimiyya ba ta san da shi ba sai yau, kuma na raɗa masa sunan mahaifina, ga shi can a baya. (Wannan gaɓar ita ce in na tuna nake jin kamar in kwanta a ƙasa.) Na yi masa alama ya miƙe, ya miƙe, wasu ɗalibai har da tafi.

Farfesar ta miƙo hannu ta ce in ba ta kwalbar. Na zare ta daga safa a gaban jama'a. Ko minti ɗaya ba ta yi tana dubawa ba ta ajiye, ta tambaye ni ko na nuna wa malamina. Na ce a'a. Ta gyaɗa kai kamar dama ta san amsar.

"Ɗana, danginsa ka gane daidai," in ji ta, a hankali. "Amma wannan ba ɗan Afirka ba ne ma. Asalinsa tsibiran Indonisiya ne, kuma yana da sunansa fiye da shekara ɗari. Kifin ado ne. A Kano ana sayar da shi cikin leda. Akwai shida a falona."

Dariya ta fara daga baya ta gangaro gaba. Da yake duk da Turanci ake maganar, Baba bai san abin da ake ciki ba. Na hango shi yana murmushi yana gyaɗa wa mutane kai, ya ɗauka murna suke taya shi.

Farfesar ba ta yi dariya ba. Ta jira ɗakin ya lafa, sannan ta ce abu biyu ne. Ko dai da gaske kifin ya shiga kogin, wanda babbar magana ce da dole a bi diddiginta, ko kuma wani ya sayo shi ya cusa cikin samfurin don ya yi suna, wanda hukuncinsa kora ce. Ta ce in faɗa mata wanne ne. Na rantse cewa a cikin kular na same shi. Ta ce ta ji, amma daga wane wuri a kogin? Ban sani ba. Da wane taru? Ban sani ba. Ina ganin shekarun karatuna suna zamewa, ba abin da zan kama.

Sai Yaya Binta ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni na saka masa," ta ce.

Ta yi bayani da Turancinta na asibiti, ba sauri ba inda-inda. Mijinta yana da akwatin gilashi na kifaye a falo. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya mutu, ta tsamo shi za ta yar, sai ta tuna ƙaninta yana tara matattun kifaye, wataƙila ya yi masa amfani. Ta jefa a kula ta tafi aiki ta manta. Ni kuma ban taɓa nuna mata hoton ba, sai yau ta gan shi a bango. Ta ƙara da cewa 'yan'uwansa bakwai suna nan da ransu, kuma kullum sai na wuce su in zan ɗauki abincina.

Gaskiya ta faɗa. Wata da watanni ina gifta akwatin nan ban taɓa sunkuyawa na duba ba, don a ganina wannan wasan masu albashi ne, ba ilimi ba. Yayata ta cece ni daga kora, ta kuma binne ni da rai, duk a numfashi ɗaya. Wannan karon har farfesar sai da ta cire gilashi ta goge ido.

Ba a kore ni ba. An dai ce duk samfurin da ya taɓa kwana a barandar nan ba a amince da shi ba, in koma kogi in sake daga farko, rani da damina. Shekara guda ta tafi ke nan. Gurbin ƙaramin malami wani aka ba. Dakta Lawan bai yi mini faɗa ba, na so ma a ce ya yi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce kuskuren bai dame shi ba, kowa na yi, dalilin da ya sa na ɓoye masa shi ne ya dame shi, kuma ba sai na faɗa ba, ya sani. Ya wuce.

Saura Baba. Yaya Binta ta ce ba da ita ba, ni na ɗauko, ni zan sauke. Na raka shi tasha. Muna tafe yana ta yaba tarin mutanen da suka zo, da yadda matar nan mai gilashi ta riƙe kwalbar da girmamawa. Sai da muka isa bakin motar Darki ya juyo ya tambaye ni ko an amince da sunan. Na faɗa masa komai, idona a kan takalminsa. Da na gama sai ya jefo mini tambaya.

"Shi kifin dama yana da sunansa?"

"Yana da shi, Baba."

"To ai bai kamata a ƙwace masa ba," ya ce.

Ya ce kada in damu da 'yan majalisa, shi zai yi musu bayani da kansa. Sannan ya tuɓe babbar rigar, wai zafi ya yi yawa, ya ninke ta a tsanake ya ɗora a cinya. Motar ta tashi bai waiwayo ba. Da zagina ya yi a gaban direbobi da ya fi mini sauƙi.

Wata biyu na yi ban taka Darki ba. Ranar da na je, tun kafin in ƙarasa gida wani tsoho ya tare ni da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen Wudil, sannan da fuskarsa a sake ya ce ya jikin kifin Malam. 'Yan ajinmu kuwa har yau ba sa kirana da sunana, Haladui suke cewa, matan wasu daga cikinsu ma sun ɗauka sunana ne na yanka. Na gama digirin daga baya, da kifayen nan biyar ɗin dai, ba ƙari ko ɗaya. Ranar ban gayyaci kowa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. In na nemi abu a littafina ban gani ba, ba duniya ce ba ta san shi ba, ni ne. Kuma duk ranar da na ji ina ɓoye wani abu don kada a sace mini, nakan daure in nuna wa mutum biyu masu hankali kafin in kira mahaifina. Yawanci sai in tarar ba mai niyyar sata, don abin a kasuwa ake sayar da shi cikin leda.