Tsagar da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Tunani

Zuwa ga Mai Girma Malamin Shugabanni, mai koya wa manya yadda ake zama manya, marubucin littafin nan mai bango ruwan zinariya, "Shugaba Ba Ya Gumi".

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, ina fatan yawan lacca bai dishe maka murya ba. Ni ne heluman sashen zuba sabulu a kwali, a kamfanin da kake ba Ogansa shawara, shekarata ashirin da shida a nan. Mun ma taɓa haɗuwa: ni ne dattijon da ka miƙa wa jakarka a bakin ƙofa ba tare da ka dube shi ba. Na rubuto ta jarida ne domin Oga ya daina karanta komai sai takardar da sunanka ke kai.

Zan bi ƙa'idar da ka koya mana, cewa ba a kai wa shugaba mugun labari tsirara, sai an sa shi tsakanin albishir biyu. To ga na farko: littafinka ya yi amfani ƙwarai. An raba wa kowa ɗaya, kuma guda uku kacal muka cusa ƙarƙashin teburinmu ya daina rawa. Allah ya ƙara basira. Yanzu ga 'yan koke-koke.

Na ɗaya. Kafin zuwanka, kullum da safe Oga yakan zagaya ɗakunan aiki. Da kunne kawai yake gane injin da ba shi da lafiya, ya san wadda ta haihu da wanda aka yi wa rasuwa. Sai ka ce masa shugaba nesa yake hange, ba ya kallon ƙafarsa. Wata bakwai ke nan ba mu ga takalminsa a ƙasa ba.

Na biyu. Ka ce hange yana son natsuwa, aka gina masa ɗakin tunani a kan rufin sashenmu. Aka hau da duwatsu na ado, da wani tankin ruwa na kiwon kifaye wanda sai da ƙarti goma sha biyu suka ɗaga shi, tun ba a zuba ruwan ba. Ranka ya daɗe, a cikin duk babi ashirin ɗin littafinka, babu ko ɗaya da ya ce a tambayi magini?

Na uku. Ginshiƙin da ke tsakiyar ɗakinmu, wanda ke ɗauke da duk wannan tunani, ya tsage. Ranar da na fara gani, tsinken ashana ne ke shiga. Bayan wata guda fensir ya shiga. Jiya na zura yatsu uku. An ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga; to namu ya shiga, har ya kawo iyali. Garin siminti kuwa yana zubowa cikin kwalaye, muna kakkaɓewa.

Na huɗu. Ka ce zama yana kashe hazaƙa, aka kwashe kujeru, ganawa da Oga ta koma a tsaye, minti biyar, sakatariya na riƙe da ƙararrawa. Sau uku ina hawa bene zuwa ofishinsa da gwiwoyina masu ciwo, don in kai masa labarin tsagar. Karo na farko na ce albishir, mun cika kwali dubu kafin azahar. Oga ya sa aka yi mini tafi, aka ɗauki hoto, ƙararrawa ta kaɗa. Karo na biyu na taƙaita albishirin, har na kai ga cewa ginshiƙi ya tsage. Oga ya dafa kafaɗata, ya dube ni cikin ido kamar yadda ka koya masa, ya ce, "Na ji kana cewa kana da damuwa. Wace dama ka hango a cikinta?" Wallahi na tsaya tunanin damar da ke cikin rufi ya faɗo wa mutum a ka, ƙararrawa ta kaɗa. Karo na uku sakatariya ta tare ni tun a ƙofa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, an rubuta ka cikin masu kawo sanyin gwiwa." Ni da gwiwar tawa ma zafi take yi!

Na biyar, kuma ka gafarce ni. An ce ka horar da shugabanni ɗari huɗu a ƙasashe daban-daban. Kafin ka fara, ka taɓa riƙe ko da shagon faci? Ka taɓa samun mutum uku a ƙarƙashinka waɗanda in sun ji ciwo kai za a tambaya? Ba don raini na yi tambayar ba, na duba bayan littafin ne ban ga komai ba sai hotonka kana riƙe da haɓa.

Na shida. A nan ladabina ya kusa ƙarewa. Mata ashirin da uku ke aiki a ƙarƙashin ginshiƙin nan, kuma wadda teburinta ke jingine da shi ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na kawo ta aikin bayan mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Shekaranjiya tana kakkaɓe siminti daga ɗankwalinta ta ce mini, "Yaya, in abin nan ya zo, ka dai riƙe mini yaran." Tana dariya ta faɗa. Ni ban yi dariya ba, tsoro ne ya kama ni, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Saura albishir na biyu, don kada a ce ban ɗauki karatu ba. Yau da safe na fitar da matan duka, na sa wa ɗakin kwaɗo, makullin yana aljihuna. Sabulu ya taru a bakin ƙofa, an kuma aiko mini da takarda cewa na yi gaban kaina, in bayyana ranar Laraba in faɗi dalilin da zai hana a sallame ni. Minti biyar aka ba ni. In an kore ni, to, arziki na Allah ne, ƙanwata dai da ƙafarta ta koma gida yau.

Na ji kuma ranar Talata za ka zo ku zauna da Oga a ɗakin tunani, tare da manyan kamfani su tara, ku yi hangen shekara goma masu zuwa. Ina roƙonka da girman Allah ka biyo ta ƙasa tukuna, in ara maka yatsuna ka auna. In kuwa lokacinka ba zai bari ba, to ka hau a hankali, kada kuma a yi tafi da ƙarfi. Ɗakin ƙasa na kulle shi. Na sama ba ni da makullinsa.

Naka mai biyayya har ƙasa, inda ka bar mu,

Heluman Sashen Kwali
(zuwa ranar Laraba)